Fadamar Sada

Leburori sun tuge fiye da rabin albasar kafin Obioma ta hango mai gonar tana gangarowa da gudu. Hansai ce, ba takalmi, ɗankwali a hannu, 'yarta Tasalla na biye da ita tana kuka.

"Kai bayin Allah! Wa ya aiko ku? Ku tsaya!"

Ba wanda ya tsaya. Babban leburan ya nuna Obioma da haɓa, ya ci gaba da sara. Hansai ta juyo ta dubi matar da ke tsaye a gindin giginya da malafa da takalmin roba. Tare suka yi wasan 'yar tsana a bayan kantin uban Obioma, tare suka sha bulala a kan satar mangwaro. Amma abin da ya fito daga bakinta yau shi ne, "Malama, me na yi wa gwamnati?"

Kalmar nan "Malama" ta sauka wa Obioma kamar mari.

"Ba abin da kika yi, Hansai. Rijiya za a haƙa nan, a sa injin ban ruwa, a yi gonar gwaji don kowa ya koyi noman rani. Baba Alhaji ne ya ba da wurin."

"Ya ba da? Nasa ne?"

Kafin Obioma ta sami amsa, sai ga ƙarar babur. Alhaji Mudi ya sauko yana gyara babbar riga. Shi ne yayan Sada, mijin Hansai, shi ne mai gandun gidansu, kuma shi ofishin agaji ya naɗa shugaban kwamitin fari na Gidan Maiwada.

"Hansai, meye haka a gaban maza, kai ba ɗankwali? Koma gida."

"Yaya, albasata ce. Da ita nake ci da yarinyar nan."

"Gayaunar Sada ce, ba taki ba," in ji shi a hankali, kamar mai lallashin yaro. "Amana ce a wuyana har ya dawo. Kina so ya dawo ya tarar da jigo da guga, ko ya tarar da rijiyar siminti? Na ware miki wuri a tudu, bayan makabarta. Ki yi godiya."

Hansai ta durƙusa tana tsince albasar da ba ta gama ƙosawa ba, tana zubawa a bakin zane. Obioma ta kau da kai, ta shiga nuna wa masu haƙa inda za su fara.

Sada ya shiga soja ne da aka fara yaƙin basasa, ya bar Hansai da ciki. Yaƙi ya ƙare, 'yan'uwansa sojoji suka dawo, wani da ƙafa ɗaya, wani da rediyo da agogo. Shi kuwa ba shi, ba gawarsa, ba wanda ya zo ya ce ya ga faɗuwarsa. Don haka ba a yi masa sallah ba, ba a yi takaba ba, ba a raba gado ba. Hansai ta zauna haka nan, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. Uwarsa Iya Adama, wadda ido ya fara yi wa nisa, har yanzu in ta ji mota ta tsaya a bakin kasuwa sai ta ce a je a dubo.

Obioma ta san wannan duka. A garin aka haife ta, Hausa ta fara ji kafin harshen iyayenta. Ranar da gari ya rikice kafin yaƙi, Mudi ne ya cusa ta da ubanta cikin rumbun dawa, ya zauna a gindin rumbun da gatari, sannan ya kai su tashar jirgin Funtua a ƙarƙashin buhunan auduga. Uban bai ga ƙarshen yaƙin ba. Da ta dawo ita kaɗai, Mudi ya miƙa mata makullin kantinsu, ko allura ba ta ɓata ba. Da aka yi babban fari, ruwa ya ɗauke, shanu suka zube, ofishin agaji na Malumfashi ya nemi wanda ya san ƙauyukan nan ya haɗa kan aikin rijiyoyi da iri da dashen itatuwa, aka ɗauke ta. Wurin gwaji take nema, Baba Mudi ya ce ga fadamarmu. Ta ga fangalin albasar da idonta tun ranar awo. Ba ta tambaya ba, don ta san amsar.

Da bazara ta kai, yunwa ta shigo gari sosai, aka kawo motar hatsi. Ƙa'idar ofis ita ce a ba masu gida buhu, a ba matan da mazansu suka rasu nasu daban. Aka yi layi biyu a filin makaranta. Obioma na tsaye a kan buhuna tana lura da awo, sai ta ga Hansai a ƙarshen layin zawarawa, ta rufe rabin fuska da mayafi.

"A'a, amaryar soja, ɓatan hanya kika yi?" wata tsohuwa ta ce da ƙarfi. "Nan layin waɗanda suka ga likkafani ne."

Aka yi dariya, irin dariyar masu jin yunwa. Alhaji Mudi ya taso daga kujera.

"Fita daga nan, Hansai. Kina da miji, kina da gida."

Obioma ta sauko ta matsa kusa da shi. "Baba, a auna mata ko kwano biyu ne. Ba wanda zai ce komai."

"Obi, 'yata, ke ba ki san nauyin abin ba. In aka auna mata a layin nan, mun shaida wa duniya Sada ya mutu ke nan. Ke za ki je ki gaya wa Iya? Ai rabonta na cikin buhun gidana. Ci ɗaya muke yi."

Maganar ta yi kama da gaskiya. Obioma ta riƙe ta da hannu biyu, ta koma kan buhunanta. Hansai ta fita daga layi da ƙwaryarta a kife a ka.

Ci ɗaya muke yi. Obioma ta ga irin cin da kanta, ranar da ta shiga gidan da azahar. Lauratu, matar Alhaji, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka har da cinyar zabo. Daga can ƙuryar gida ana ta daka, luguden mutum ɗaya, yana tsayawa yana ci gaba.

"Wa ke daka da ranar nan?"

"Hansai ce. Dakau take yi wa matan mai gari, su bar mata dusa." Lauratu ta faɗa ba tare da ta ɗago ba.

"Dusa? Ina rabonta na hatsin agaji?"

Lauratu ta murza bakin zane. "Ni abin da aka auno mini nake dafawa, Obi. Mace ba ta leƙa rumbu, kin sani. Alhaji ya ce baƙin ofis sun yi yawa, yau malamin rijiya, gobe malamin iri, kowa sai an yi masa tuwo, ba a kai wa baƙo ƙanzo. Ya ce a rage na cikin gida. To wa zan rage wa? Iya? 'Ya'yana?"

Obioma ta ajiye lomar da ke hannunta. Ita ce baƙon ofis. Ta dubi cinyar zabon, ta dubi hanyar ƙuryar gida, ta rasa yadda za ta tashi da kwanon ba tare da ta ci fuskar Lauratu ba. Sai ta cinye, ta wanke hannu, ta yi godiya.

Damina ta zo a makare. Ofis ya kawo irin dawa mai saurin nuna, wanda aka ce ko ruwa ya ɗauke da wuri zai yi ido. Obioma ce ta yi yawo ƙauye ƙauye tana roƙon mutane su karɓa, har muryarta ta dushe. Amma irin ma masu gida ake ba. Hansai ta shuka tsohuwar dawa mai daɗewa a tudun bayan makabarta, wurin da tsakuwa ta fi ƙasa yawa. Ta yi noma ita kaɗai, Tasalla na zaune a inuwar kalgo. Ruwa ya ɗauke dawar na ciki. Gandun Alhaji ya yi kai ya sunkuya, nata ya tsaya a tsaye ya bushe, ko tsuntsu bai sauka a kai ba. Ta yanke karan ta sayar wa masu jakai.

"Ai laifinta ne," in ji Alhaji da Obioma ta taɓo zancen. "Da ta tambaye ni iri, zan hana ta? Girman kai ne da ita."

"Na tambaya," Hansai ta gaya mata daga baya. "Ya ce sai an gama shuka gandu. Da aka gama, ya ce ya ƙare."

Rani ya sake zagayowa, fadama ta zama abin kallo. Rijiya ta ba da ruwa, inji na tura shi cikin kwatami, tumatir da albasa da alkama sun yi kore shar a tsakiyar ƙasa busasshiya. Daga Kafur da Musawa ake zuwa gani. Aka kafa allo da sunan ofis da na Alhaji Mudi. Ana ɗaukar mata cire ciyawa, a biya su da tiyar masara. Wata safiya Obioma ta zo duba aiki, ta tarar da Hansai a duƙe cikin masu ƙwadago, a daidai wurin da fangalinta yake da.

Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Amma ba ita ta tsayar da Obioma ba. Tasalla ce, zaune a bakin kwatami, ba ta wasa, ba ta kallon kowa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta sun kumbura suna sheƙi. Obioma ta san wannan kumburin. Ta gan shi a jikin yara da yawa can gabas, a sansanin gudun hijira, ta kuma san inda yake kai su.

Ta buɗe jakarta ta ciro gwangwanin madara. "Ungo, ki dinga dama mata. Gobe in motar ofis ta zo a kai ta asibitin Malumfashi."

Hansai ta karɓa, don ba ta da halin ƙi. "Asibiti za su ba ta magani su sallame mu, mu dawo kan dusa. Obi." Karon farko ke nan da ta kira ta da sunan tun ranar albasa. "Ba sadaka nake so ba. Na tambayi wani malami a asirce, ya ce in miji ya ɓata shekaru irin haka, alƙali na da ikon yanke hukunci, a raba gado. Yarinyar nan tana da rabin gonar nan. Ni ban san ƙofar kotu ba, ban da mai kai ni, in na fita ba izini a ce na yi yaji. Ke kina da mota. Kai ni."

Obioma ta dubi allo, ta dubi alkamar da iska ke kaɗawa. Manyan baƙi za su zo daga Kaduna ganin gonar. In suka gamsu, ƙauyuka da yawa za su sami rijiya. In suka ji gonar na gaban alƙali, shi ke nan.

"Bari a gama bikin nan, Hansai. Da an gama, wallahi."

Hansai ta yi wani ɗan murmushi da ya fi zagi ciwo. "To, Malama." Ta koma ta duƙa.

Abin ya hana Obioma sukuni. Da la'asar ta sami Alhaji a zaure shi kaɗai, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ta gani a jikin yarinyar, ta faɗi zancen alƙali. Ta zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa, idonsa ya ciko.

"Ni na goyi Sada a bayana, Obi. Ni na raka shi tasha. Yanzu a ce in je in tsaya gaban alƙali in kashe shi da bakina, uwarmu na da rai? Ranar da Iya ta ji, ranar za mu binne ta. Kuma rijiyar nan ni kaɗai nake sha? Gari duka ke amfana. In aka raba gonar, mace za ta iya da inji? Yarinya kuwa ciwon shawara ne ke damunta, na sa a jiƙo mata saiwa."

"Baba, ba shawara ba ce. Yunwa ce."

"A gidana?" Ya mai da hularsa. Muryarsa ta yi sanyi. "Ban taɓa goranta miki komai ba, 'yata, ba kuma zan fara yau ba. Amma ki yi tunani. Ke ce za ki ɗauki matar soja ki kai kotu a ce ya mutu? Ke? Kin san abin da mutane za su ce. Za su ce ashe ta san waɗanda suka kashe shi. Ni na rufe bakin mutane a kanki da kika dawo. Kada ki buɗe shi da hannunki."

Obioma ta tashi, ta ce a huta lafiya. A waje ta tarar da kanta tana sauri kamar wadda aka kora. Da motar ofis ta zo ta sa aka kai Tasalla asibiti, aka ba ta magani da ƙwai da madara, kumburi ya ɗan saɓe, aka sallamo su. Ba a daɗe ba ya dawo.

Ranar biki aka share hanya tun daga bakin titi, aka kafa rumfar zana a bakin fadama. Motoci suka zo a jere. Mai gari da liman da 'yan kwamiti suka sha manyan riguna. Alhaji ya sa aka ɗauko Iya Adama aka zaunar da ita a kujera a gaba, an ɗaura mata sabon zane, don baƙi su ga uwar soja. Mata na ta kai da kawo da tulunan ruwa da kwanonin abinci. Hansai na cikinsu.

Babban baƙo, wani dogo mai tabarau, ya zaga gona yana jinjina kai. Ya tambayi gonar wa ce.

"Ranka ya daɗe, ta ƙanena ce," in ji Alhaji, da ƙarfi don kowa ya ji. "Soja ne, ya tafi kare ƙasa bai dawo ba tukuna. Na ce maimakon ta zauna, gara ta ciyar da marayu da raunana. Iyalinsa kuwa suna hannuna, ba su rasa komai ba."

Aka yi tafi. Baƙon ya juyo wurin Obioma. "Madam, aikinki ya yi kyau. Ga ɗan Arewa ya ba da gona, ga 'yar gabas ta haɗa aiki. Abin da muke so a gani ke nan bayan yaƙi. Akwai wata matsala da kike so mu sani?"

Hansai na tsaye bayan rumfa da tulu a ka. Obioma ta ji idonta a ƙeyarta.  Ta buɗe baki, ta ji abin da ya fito.

"Babu, ranka ya daɗe. Sai dai ƙarin man inji."

Aka yi dariya, aka sake tafi, aka ɗauki hoto. Ita da Alhaji a tsakiya.

Ana cikin cin abinci Iya ta gaji da zama ita kaɗai, ta ce a kawo mata jikarta. Lauratu ta dubi mijinta, yana can yana zuba wa baƙi fura. Ta je ta ɗauko Tasalla daga inda aka ɓoye ta bayan tarin kara, ta ɗora wa tsohuwar a cinya. An daɗe ana hana yarinyar shiga ɗakin Iya, wai kada ta dame ta.

Iya ta shafa kanta, hannun ya tsaya. Ta shafa haƙarƙari. Ta gangara ƙafa, ta danna da babban yatsa, ta ɗaga, ta sake laluba wurin, ramin yatsan na nan bai ciko ba. Tsohuwar da ta ga yunwa tun tana budurwa ba ta bukatar ido. Ba ta ce komai ba har motocin baƙi suka tashi, ya rage sai ta ofis.

"Ina 'yar mai kanti?"

Obioma ta zo ta durƙusa. "Ga ni, Iya."

"Ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba tun kina yarinya, ko da kika fasa mini tukunya. Me yarinyar nan take ci?"

Mai gari na nan, liman na nan, Alhaji ya taho da sauri. Obioma ta sunkuyar da kai. Abin da ta kasa faɗa wa mai tabarau, ta faɗa wa makauniya. Ta faɗi albasa, ta faɗi layin zawarawa, ta faɗi dusa da tudun makabarta. Ta faɗi cewa ita ta nuna inda za a haƙa.

"Kuma da aka tambayi dalili, me ake cewa?"

"Ana cewa saboda ke ne, Iya. Kada ki ji an ce Sada ya mutu."

"Iya, zancen yara ne," in ji Alhaji. "Tashi mu je gida, rana ta yi miki yawa."

"Mudi, rufe mini baki."

 Iya ta rungume yarinyar a ƙirji, tana ɗan girgiza ta. 

"Ni na ce a dinga dubo mota, gaskiya ne. Ina jin daɗin a ce mini ba shi ba ne, watakila ta gobe. Ban san da abincin 'yarsa ake saya mini wannan jin daɗin ba." Ta juya fuska inda take jin numfashin liman. "Malam, ka shaida. Mai gari, ka shaida. Ni Adama na haifi Sada. Da yana da rai, ko da rarrafe da ya zo. Ɗana ya mutu. Allah ya ji ƙansa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," liman ya faɗa, mutane suka amsa. Tulun kan Hansai ya zame ya fashe. Ta zauna a cikin ruwan ta sa kuka, kukan da aka hana ta shekara da shekaru. Lauratu ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Sai dai fa, Iya," in ji liman a hankali, "maganar gado sai alƙali ya yanke. Ni ba ni da wannan ikon."

"To a kai ni wurinsa. Yanzu. Nawa rabon ma na yarinyar ne."

"Iya, ki bari gobe," in ji Alhaji. "A idon mutane za ki yi mini haka? Ni ma ɗanki ne."

"Kai ma ɗana ne, shi ya sa ban ce komai ba gaban baƙinka. 'Yar mai kanti, motar can ba taku ba ce?"

Obioma ta tashi. Ba ta dubi Alhaji ba, ba don fushi ba, don ba ta iya ba. Ta kama hannun tsohuwar ta kai ta mota, ta zaunar da ita a gaba kusa da Ummaru direba, ta matsa ta zauna gefenta. Hansai ta hau baya da Tasalla, zanenta jiƙe da laka. Ba ta ce wa Obioma na gode ba, Obioma kuma ta ji da ta faɗa, da ta fi jin ciwo.

Ummaru ya ta da mota. Iya ta ɗaga hannu ta ce ya dakata. Ta laluba ta kamo hannun Obioma, ta rage murya.

"Tun da kika dawo nake so in tambaye ki, ina tsoro. Can inda kuka gudu, kin ga yadda ake binne sojoji?"

"Na gani, Iya."

"Ana juya fuskarsu gabas?"

Obioma ta so ta ce e. Kalma ɗaya ce, kuma tsohuwar za ta karɓa. Amma ta gaji da irin wannan taimakon.

"Waɗanda na gani, rami ɗaya aka yi musu, Iya. Naku da namu. Ba wanda ya tsaya duba gabas."

 Hannun Iya na nan a kan na Obioma, bai saki ba, bai kuma ƙara matsewa ba. Can ta goge ido da bakin sabon zanen.

"Ummaru, ja mu tafi. Kada alƙali ya tashi."